Kada A Yi Mana Falsafa A Kan Tokar Rumfunanmu

 Yau kam ba da daɗin rai na zauna rubutu ba, saboda haka duk wanda ya ji harshena ya yi kaifi sai ya yi mini uzuri.

Waɗanda ke nan Badun sun san abin da ya same mu cikin hunturun nan, na nesa kuma bari in gaya musu a taƙaice. Da tsakar dare wuta ta tashi a layin 'yan hatsi na kasuwarmu (ba zan kama sunan kasuwar ba, masu ita sun san kansu), kafin asuba ta cinye layi biyu ƙurmus. Rumfar mahaifina tana ciki. Wake ne buhu sittin da ɗoriya, sati guda kenan da sauke shi daga Dawanau, kuma fiye da rabinsa bashi ne, sai an sayar a aika wa masu shi. To wannan dukiya ce, ana samun wata. Abin da ba ya dawowa shi ne ran wani yaro ɗan dako da bai wuce shekara 17 ba, wanda ke kwana cikin sito saboda sanyi, hayaƙi ya riga shi ƙofa. Ko wata uku bai yi da zuwa ci-rani ba. Da hantsi muka yi masa sutura, babu uwa babu uba a kusa.

Kwana biyu bayan nan muna zaune a ƙofar gida a Sabo ana ta zuwa yi wa Baba jaje, sai ga wani yayanmu na unguwa, mutumin da nake girmamawa ƙwarai, wanda ya karanta falsafa a jami'a. Ya gaisa, ya yi jaje yadda kowa ke yi, da ya tsaya a nan da shi kenan. Sai ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Masana sun tabbatar da hujjar hankali cewa wannan duniyar da muke ciki, da gobararta da komai nata, ita ce mafi kyawun duk wata duniya da za ta iya samuwa. Da wutar nan ba ta tashi ba, da alherin duniya raguwa zai yi." Baba ya ce, "To, Allah Ya sa haka ne mafi alheri," ya ci gaba da jan carbinsa.

Mai karatu, ka lura da bambancin maganganun nan biyu. Baba addu'a ya yi, yana roƙo, hannunsa a sama. Yaya kuwa hukunci ya yanke, kamar wanda aka ba littafin lissafin Ubangiji ya duba ya ga komai ya daidaita. Ban tanka ba a wurin, don ba a tarbiyyantar da mu mu katse manya a gaban baƙi ba. Amma maganar ta tsaya mini a maƙogwaro, na yi makonni ina bibiyarta wajen malamai da cikin abin da na iya karantawa, kuma yau sai na amayar da ita.

Bari in fara da yi wa hujjar adalci. Mai ita wani Bajamushe ne, Leibniz, wanda ya rayu daga 1646 zuwa 1716, kuma ba ƙaramin kai ba ne, shi da Newton ake jingina wa ƙirƙiro wani babban reshe na lissafi. A 1710 ya fitar da littafinsa Theodicy, ga kuma yadda ya jera maganar. Allah Ya san duk irin duniyoyin da za su iya samuwa, domin iliminSa ya kewaye komai. Yana da ikon halittar kowace daga cikinsu. Shi kuma Mai cikakken alheri ne da hikima, ba Ya yin abu babu dalili. To wanda ya san mafi kyau, yake da ikon yin mafi kyau, yake kuma son alheri, me zai sa ya zaɓi na ƙasa da shi? Saboda haka, in ji Leibniz, tunda wannan ce Ya halitta, ita ce mafi kyau, kuma duk sharrin da ke cikinta yana ɗaure ne da wani alherin da ba zai samu ba sai da shi. In ka ji ta karon farko sai ka ce ai wannan ma yabon Allah ne.

Ni ba malami ba ne, iyakata sakandare da zauren karatu bayan Magariba. Amma a zauren nan an karantar da mu Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, littafin da kakanninmu suka koyi tauhidi da shi. An koya mana siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah, da ashirin da suka koru a gare Shi, sannan abu guda da ya halatta a gare Shi, wato aikata duk wani abu mai yiwuwa ko barin sa. Ya ga dama Ya yi, Ya ga dama Ya bari, babu mai tilasta Shi. To hujjar Leibniz fa, in ka bi ta sannu a hankali, ƙarshenta cewa take yi Allah ba Shi da wata hanya illa Ya halicci wannan duniyar daidai yadda take, har da wayar da ta yi tartsatsi a layinmu, in ba haka ba alherinSa ya tawaya. Leibniz ya yi ta ƙoƙarin nuna cewa wannan tilas ɗin na hikima ne ba na ƙarfi ba, amma ko da zaren alharini aka ɗaure mutum, ai ɗaurarre ne.

Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda ake zaɓe. Idan Baba ya je Dawanau yakan soka buhu goma ya duba, ya ɗauki wanda ya fi ƙwari da rashin ƙwaro. Dole ne ya ɗauki mafi kyau, domin ba shi ya noma waken ba, kuɗinsa ƙidayayyu ne, kuma abin da ya tarar a kasuwa shi kenan abin da ke akwai. Wannan hoton ne aka ɗauka aka ɗora wa Mahalicci, kamar wani ne ya jibge maSa duniyoyi a gaba Shi kuma Yana sokawa Yana zaɓe. Subhanallahi. Sannan wa ya ce dole akwai wadda ta fi kowace? Malaminmu na lissafi a aji uku ya taɓa cewa mu faɗi lambar da ta fi kowace girma, duk wadda muka faɗa sai ya ce a ƙara ɗaya. Haka nan duk duniyar da ka kawo ka ce ita ce ƙarshen kyau, zan ce maka ƙara mata mutum ɗaya mai farin ciki, ko cire mata ciwon haƙori guda. Ko a cikin malaman Kirista, Thomas Aquinas da ya rasu a 1274 ya tafi a kan cewa Allah na da ikon halittar abin da ya fi wanda Ya halitta. Za a ce mini ai komai a sarƙe yake, in ka cire ciwon haƙorin nan ka taɓa dubban abubuwa. Sarƙar mu ta ɗaure, mu da ba mu iya dafa tuwo sai da wuta. Wanda Ya sa wuta ta zama sanyi ga Annabi Ibrahim (AS) ba Ya cikin sarƙar.

Da na gaya wa Yaya wannan wata rana bayan sallar Isha'i, sai ya yi murmushi ya ce, "Ƙanena, ai ba Bature ne ya fara ba. Imamu Gazali ya riga shi da kusan shekara 600, je ka tambayi malaminka." Na kuwa je. Malam ya ce gaskiya ne, a cikin Ihya'u Ulumiddini, babin tauhidi da tawakkali, Gazali ya nuna cewa tsarin da Allah Ya yi wa halitta babu wanda zai fi shi cika da kyau, domin da akwai wanda ya fi Ya hana alhali Yana iyawa, da ya zama rowa, in kuma ba Ya iyawa ya zama gazawa, kuma duka biyun sun koru a gare Shi. Na ce, "Allah gafarta Malam, ashe Yaya ya yi gaskiya kenan?" Malam ya yi dariya ya ce in zauna tukuna.

Ashe wannan 'yar maganar ta Gazali, wanda ya rasu a 1111, sai da ta haɗa malamai faɗa na ɗaruruwan shekaru. Ɗalibinsa na kansa, Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalikin Andalus da ya rasu a 1148, bai yarda da ita ba. Ibnul Munayyir, shi ma Bamalike daga Iskandariyya, ya rubuta raddi. Biƙa'i, wanda ya rasu a 1480, ya yi littafi sukutum don rushe ta. Sai Imamu Suyuɗi ya tashi ya yi nasa don kare ta, shi dai Suyuɗin da muke jin tafsirinsa na Jalalaini kowane azumi, wanda ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Tsoron masu suka ɗaya ne, kada a ce ikon Allah ya kai iyaka. Masu karewa kuma da yawansu cewa suka yi ba iko Gazali yake taƙaitawa ba, nufinsa shi ne abin da Allah Ya sani Ya kuma nufa ba ya saɓawa, kuma duk abin da Ya yi akwai cikakkiyar hikima a cikinsa. In haka ne ma'anar, wallahi na karɓa hannu bibbiyu, wane Musulmi ne zai ƙi? Amma maganar da manyan mazhabarmu suka yi ta ja-in-ja a kanta, har masu kare ta sai da suka yi mata fassara, ita ce za a kawo wa tsoho a tabarmar jaje a ce masana sun tabbatar? Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Kuma Gazali a babin tawakkali ya faɗe ta, yana koya wa mutum yadda zai lallashi zuciyar kansa. Bai ba wanda rumfarsa ke tsaye lasisin karanta wa wanda tasa ta ƙone ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na kawo maganar yaron nan ɗan dako. Yaya ya ce, "Wa ya sani, ƙila da ya rayu da ya faɗa cikin abin da ya fi mutuwa muni." A nan ne na tuna labarin da Malam ya ba mu na Imamul Ash'ari da malaminsa Jubba'i a Basra. Jubba'i jigo ne cikin Mu'utazilawa, masu cewa wajibi ne a kan Allah Ya yi wa bawa abin da ya fi zama maslaha gare shi. Ana ba da labari cewa Ash'ari ya tambaye shi game da 'yan uwa uku, ɗaya ya girma ya mutu salihi, ɗaya ya girma ya mutu kafiri, na ukun ya mutu yana yaro. Jubba'i ya ce na farko yana cikin darajojin Aljanna, na biyu yana wuta, yaron kuma ya tsira amma ba shi da darajar yayansa. Ash'ari ya ce to in yaron ya tambayi Ubangiji me ya sa ba a bar shi ya girma ya samu darajar ba fa? Jubba'i ya ce za a gaya masa an san in ya girma saɓo zai yi, shi ya sa aka ɗauke shi da wuri don maslaharsa. Ash'ari ya ce to shi kuma na cikin wutar in ya ɗaga murya ya ce ni me ya sa ba a ɗauke ni ina yaro ba, me za a ce masa? Jubba'i ya rasa ta cewa.

Ramin da Jubba'i ya faɗa fiye da shekara dubu da suka wuce, shi Yaya ya faɗa a ƙofar masallacinmu. Da zarar ka ce ga dalilin da ya sa Allah Ya ɗauki wane, sai na gaba ya tambaye ka nasa, kuma ba ka da shi. Mun yi imani akwai hikima. Cewa kai ka san ta, har kana iya yi wa uwar yaron nan bayani a can ƙauyensu, wannan shisshigi ne, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka yi shi.

Akwai wani abokina a gefe guda, mai yawan kwana a intanet, da ya ce mini ai gobarar ma hujja ce cewa ko dai babu iko ko babu tausayi a sama. Shi ban ɓata lokaci a kansa ba. Da shi da Yaya jirgi ɗaya ya kwaso su, kowannensu ya ɗauka ma'aunin alheri yana aljihunsa, ɗaya ya auna ya ce mudu ya cika, ɗaya ya ce bai cika ba.

Yanzu bari in zo inda gizo ke saƙar, don da maganar ta tsaya a falsafa da ban dame ku ba. Shekara da shekaru kowace Juma'a ana bi rumfa-rumfa ana karɓar kuɗin gadi da tsaro, ana ba da rasit. An ce za a sayi tukwanen kashe gobara a ajiye durom-durom na yashi a kowane layi. Daren da wuta ta tashi, ko guga ɗaya na yashi ba a samu ba. Hanyar da mota ke bi ta shiga tsakiyar kasuwa an yanka ta rumfuna an sayar, 'yan kwana-kwana suka zo suka tsaya a bakin ƙofa suna kallo tare da mu. Wayoyin lantarki kuwa kamar saƙar gizo-gizo, kowa ya ja tasa daga ta maƙwabcinsa, ga jarkokin fetur na janareto jingine da buhuna. Kowa ya san haka, har da ni, har da Baba, kuma babu wanda ya taɓa buɗe baki, wannan laifin namu ne duka. Amma da aka yi taro bayan gobara, wani dattijo mai sayar da gero ya miƙe ya ce yana so a karanta lissafin kuɗin Juma'a, sai aka taso masa. "Alhaji, kana ja da ikon Allah ne? Abin da ya faru ya riga ya faru, kuma shi ne alheri." Har wani ya ƙara da cewa ai ga ɗan boko ma ya faɗa, masana sun tabbatar. Dattijon ya koma ya zauna kamar shi ne mai laifi. Ka ga inda falsafar Yaya ta kwana. Ta tashi daga Jamus ta zo ta zama bargon rufe akwatin kuɗi.

Su kansu Turawan da aka aro maganar daga wurinsu sun ga ranar da ta sha ƙasa. Ranar 1 ga Nuwamba 1755, da safe, jama'a na cikin coci-coci saboda ranar idinsu ce, girgizar ƙasa ta afka wa birnin Lisbon na Fotugal, teku ya biyo baya da ambaliya, wuta kuma ta yi kwanaki tana ci. Dubun-dubatar mutane suka mutu. Voltaire na Faransa ya fusata da masu cewa komai daidai ne, har a 1759 ya fitar da littafin Candide, inda ya sa wani malami mai suna Pangloss yana ta maimaita koyarwar Leibniz a tsakiyar kowace masifa. Ba ruwana da sauran ra'ayoyin Voltaire game da addini. Wanda ya fi burge ni shi ne Rousseau, da ya rubuta masa wasiƙa a 1756 yana tuna masa cewa mutane ne da hannunsu suka cunkusa dogayen benaye wuri guda, da a warwatse suke zaune da ɓarnar ba ta kai haka ba. Ministan da ya riƙe ƙasar a lokacin, wanda daga baya aka sani da Pombal, ya aika da takardar tambayoyi ga limaman coci na faɗin ƙasar: tsawon wane lokaci ƙasa ta yi tana motsi, teku ya ja baya ko ya taso, gini nawa ya faɗi. Da aka tashi sāke gina tsakiyar birnin sai aka yi tituna masu faɗi, aka sa firam na katako cikin bango don ya jure girgiza, aka kuma ɗaga katangu tsakanin gidaje don kada wuta ta tsallaka.

Ba sai mun je Lisbon ba ma. Lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar (RA) ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarg aka gaya masa cuta ta ɓarke a can, ya yi shawara ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su. Wanda ya sayar da hanyar mota ya kora raƙumanmu gefen da babu ciyawa, kuma tambayarsa dalili ba ta taɓa imanin kowa ba. Haka ne, a aƙidarmu wuta ba ta ƙuna da ikon kanta sai da ikon Allah. Amma Shi ne Ya gudanar da al'ada cewa in tartsatsi ya haɗu da fetur za a ga ƙuna, Ya ba mu hankalin gane haka, kuma a kan abin da muka yi da hankalin za a tambaye mu.

Na san abin da wasu dattawa ke tsoro, kuma ba na raina shi. Suna cewa mu baƙi ne a ƙasar mutane, kada mu tona wa kanmu asiri a gaban Yarabawa, kada a samu ƙofar da za a ce a tashe mu. Duk wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha cikin Fabrairun 2021, rayukan da aka rasa da rumfuna da gidajen da aka ƙona, ya san zaman namu sai da lallami. To amma wutar nan ba ta tambayi ƙabila ba, ta ci rumfunan matan Yarabawa masu garin rogo da manja da ke bayan layinmu, kuma su tun a satin farko suka tsare shugabanninsu da tambaya. Mu ne kaɗai aka ce mu yi shiru don an riga an tabbatar mana duniya ba za ta fi haka kyau ba. Ga shi har an fara kafa sababbin rumfuna a kan hanyar motar nan dai, tokar ma ba a gama kwashewa ba.

Baba bai karanta Leibniz ba, Ihya ma a bakin malamai yake jin ta. Washegarin gobara bayan sallar Asuba ya ɗauki waya ya kira masu wakensa a Dawanau ɗaya bayan ɗaya, ya gaya musu abin da ya faru, ya ce bashinsu na wuyansa. Ya nemi wanda zai kai wa iyayen yaron nan saƙo da ɗan abin da aka tara. Ban taɓa jin ya ce don me ba. Amma jiya da daddare ya kira ni ɗakinsa, ya jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, cike da rasit na kuɗin Juma'a, na shekara shida, kowace shekara a ɗaure da kyauro. Ya ce, "Ranar Lahadi bayan La'asar akwai taro. Ka tafi da su. Kada ka ɗaga wa kowa murya, iyayenka ne, amma ka tambaya."

Duk wanda ke da nasa rasit ɗin a gida, don Allah ya zo da shi. Yaya, kai ma ina gayyatarka, ka fi mu iya duba lissafi, kuma na ajiye maka wuri kusa da dattijon nan mai gero.